Shayin rage teɓa da bakteriyar hanji: amsa ga Hajiyar da ta ce kilo ukunta sun dawo

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana yaran. Na karanta saƙonki har sau biyu, bari in maimaita shi a taƙaice saboda masu karantawa su san inda muka dosa. Kin ce tun bayan haihuwarki ta uku jiki ya buɗe, kika sayi wani shayi a hannun wata mai talla a WhatsApp, ta ce miki yana kashe miyagun ƙwayoyin cutar hanji masu kawo tumbi kuma yana wanke dattin ciki, sati na farko kilo uku suka tafi, kika yi wata biyu kina sha, da kika daina sai bayan gida ya ƙi fita sai kin yi kwana uku huɗu, ƙafa ta ɗan kumbura, kilo ukun suka dawo har da ribar ɗaya. Kina so ki san ko maganar ƙwayoyin nan gaskiya ce, kuma ko akwai na gargajiya da yake rage ƙiba ta wannan hanyar. Ni aikina harhaɗa magunguna ne, kuma irin wannan tambayar kusan ba a sati ban sha ta ba.

Toh matsalar ma daga bakinmu ta fara. A Hausa duk wani abu da ido baya gani mun haɗa mun kira shi ƙwayar cuta, to da zarar mutum ya ji wai akwai ƙwayoyin cuta a cikinsa ai abinda zai fara zuwa ransa shine a kashe su ko a wanke su, masu talla kuma da wannan suke cin kasuwarsu. Alhali waɗanda ke cikin babban hanjinki mafi yawansu ba cuta suke yi miki ba, aiki suke miki. Wani lissafi da masana a Isra'ila suka fitar a 2016 ya nuna mutum baligi yana ɗauke da bakteriya kusan tiriliyan 38, kusan dukkansu a babban hanji, in aka tattara su a ɗora a sikeli basu wuce giram 200 ba. Ki riƙe wannan giram 200 ɗin, ko da za a kwashe su kaf ko kwatan kilo baki rage ba. Aikinsu shine su cinye abinda cikinki ya kasa narkarwa, wato faiba, wannan ɓangaren na dusar hatsi da ɓawon wake da zaren ganye, su ruɓar da shi kamar yadda gasara ke tsami in ta kwana, su fitar da wasu ƙananan sinadarai masu tsami. Ɗaya daga ciki sunansa butiret, shi bangon babban hanji yake ci ya rayu. Kuma waɗannan sinadaran suna zungurar hanji ya saki sinadaran ƙoshi, ciki har da GLP-1, wanda shi ne allurar Ozempic ta ciwon suga da ake ta yayinta don rage ƙiba take kwaikwaya. Kinga kenan alaƙar tana nan, ba ƙarya aka ƙirƙiro daga sama ba.

Asalin inda zancen ya yi ƙarfi ɗakin binciken wani likita ne Jeffrey Gordon a jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka. A 2006 suka ɗebi bakteriyar hanjin ɓeraye masu ƙiba suka zuba wa ɓerayen da aka rena babu bakteriya ko ɗaya a jikinsu, sai waɗannan suka tara kitse fiye da waɗanda aka ba na siraran ɓeraye. A 2013 suka ƙara gaba, suka samo tagwaye mata gida huɗu, kowane gida ɗaya mai jiki ɗaya siririya, suka ɗebi bayan gidansu suka ba ɓeraye, ɓeran da ya samu na mai jiki ya fi yin kitse. Wurin da masu talla basa kaiwa a labarin shine da aka haɗa ɓerayen a keji ɗaya, su dai ɓeraye suna cin kashin juna, bakteriyar siririyar ta shiga cikin na mai jikin ta hana shi ƙiba, amma fa sai in abincin kejin mai kayan lambu ne mara maiƙo da yawa, da aka ba su abinci mai maiƙo mara ganye bakteriyar ta kasa zama. Da aka zo kan mutane kuwa abin bai yi armashi ba. A Niyuzilan an ba matasa 87 masu ƙiba kafso, wasu mai ɗauke da bakteriyar siraran mutane wasu na bogi mara bakteriyar don a kwatanta, aka wallafa a 2020, bayan wata shida babu bambanci a nauyinsu. To Hajiya in har ɗauko bakteriyar siririn mutum sukutum a zuba miki bai sa sikeli ya sauka ba, sai ki auna da kanki abinda ganyen da aka ƙulla a leda zai yi.

Yanzu shayinki. Ban gan shi ba amma yadda kika kwatanta, a sha da daddare, da asuba murɗar ciki ta tashe ki, ki shiga bayi sau uku sau huɗu kafin hantsi, zan iya cewa da filasko a ciki, wanda masu Islamic kemis ke kira sanamaki. Mafi yawan shayin rage tumbi da ke yawo, na gida da na waje mai kwali mai kyau, shi ne ƙashin bayansu. Kuma abin dariya shine filasko ba zai yi aiki ba sai da taimakon bakteriyar da aka ce miki ya zo kashewa. Sinadarinsa yana wuce ciki da ƙaramin hanji lafiya lau ba tare da ya yi komai ba, sai ya isa babban hanji bakteriya su fasa shi su mayar da shi wani abu mai tsikarar bangon hanji, hanjin ya fara matsa da ƙarfi kuma ya daina tsotse ruwa, shi yasa yake ɗaukar awa 6 zuwa 12 kafin ki ji shi. A asibiti ma muna bayar da shi, magani ne na gaske, amma na wanda bayan gida ya yi wa tauri, na kwanaki kaɗan, ba na wata biyu ba.

Abinda yasa baya rage kitse kuwa lissafi ne mai sauƙi. Shinkafar da kika ci da mai da suga tun a ƙaramin hanji jiki ya gama kwashe su ya kai jini, filasko kuma a babban hanji yake aiki, wato ya zo bayan an tashi kasuwa. Tun 1983 wasu likitoci a Dallas suka auna wannan, suka ga ko da an sa mutum zawo mai tsanani na lita-lita a rana, abinda ya rage na kalorin da jiki ke tsotsa bai wuce kashi 12 cikin 100 ba, kuma wannan zawo ne da zai iya kwantar da mutum a gadon asibiti. Kilo ukun da kika gani sun tafi ruwa ne da bayan gida. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce cif. Jiki kuma ba wawa bane, in ya ga ana ta kwashe masa ruwa sai ƙoda ta koyi riƙe gishiri da ruwa, ranar da kika daina shayin ita bata daina riƙewar ba nan take, shine kumburin ƙafar da kika gani da ƙarin kilo ɗayan nan, yawanci yana sauka da kansa cikin 'yan makonni. Wannan kumburin shi ke mayar da mata da yawa kan shayin, su ce ai kinga da na daina na ƙara ƙiba, mai talla kuma ta samu kwastoma ta dindindin. Abinda ni ya fi bani tsoro shine fotashiyam, wani gishiri ne na jini, yana bin zawo ya fita, in ya yi ƙasa sai kasala da ciwon gaɓɓai da bugun zuciya ba bisa ƙa'ida ba, balle in mace tana shan maganin hawan jini mai sa fitsari.

Su bakteriyar fa, zawo yana kwashe su kamar yadda ambaliya ke kwashe shuka, bata tambayar wanne gero wanne ciyawa. An auna mutanen da ake wanke wa hanji kafin a zura musu kyamara, yawan bakteriyar yana faɗuwa warwas sannan ya farfaɗo cikin sati biyu zuwa huɗu, wannan fa wanki ɗaya kenan. Ke kin yi kwana sittin kina yi kullum. A jami'ar Stanford an gwada a ɓeraye a 2018, zawo mara tsanani na 'yan kwanaki ya siranta majinar da ke lulluɓe bangon hanji kuma ya ɓatar da wani babban dangin bakteriya gaba ɗaya. Maganar dattin ciki da ake cewa ya manne shekara da shekaru kuma, duk likitan da ke leƙa hanji da kyamara zai gaya miki bangon hanji sumul yake, yana sabunta fatarsa cikin 'yan kwanaki. Abinda suke gani ya canza kala shine hanjin wanda ya daɗe yana shan filasko, sai ya yi duhu-duhu.

Sai abinda ba a rubutawa a jikin leda. In shayi ko kafso na ganye ya ɗauke miki yunwa ɗif, baki ya bushe, barci ya ƙaurace, zuciya na dukan uku-uku, to ki yi zargin an zuba masa maganin bature. Wanda aka fi kamawa sunansa sibutramine, an janye shi daga kasuwar Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, amma har yau hukumomi suna tsintarsa a kayan rage ƙiba masu hoton ganye a kwali. Ko ganyen zalla ma ba tabbacin lafiya bane. A farkon shekarun 1990 a wani asibitin rage ƙiba a Beljiyam an yi kuskuren saka saiwar wata shuka ta ƙasar Sin dangin Aristolochia a madadin wata, mata sama da 100 ƙodarsu ta lalace, da yawa suka koma wankin ƙoda ko dashe, wasu daga baya aka same su da kansar mafitsara da hanyar fitsari. Dangin wannan shukar muna da shi a nan, shine duman dutse. Ki duba kuma lambar NAFDAC, in kin ga ta ƙare da harafin L ma'anarta an yi mata gwajin cewa bata da guba a fili, ba wai an tabbatar tana maganin abinda aka rubuta ba, shi yasa suke sa a rubuta cewa hukumar bata tantance ikirarin ba. Naki ma kin ce a farar leda yake ko suna babu. Wani abin takaici, sau da yawa wadda ke sayar da na rage ƙiba ita ce dai ke sayar da sha-ka-fashe a status na gaba, ko ta wane gefe kika bi tana nan tana jiranki.

To akwai ganyen da da gaske yake taɓa bakteriya kuma aka gwada a mutane? Akwai, kuma wanda ya fi kowanne hujja shine berberine, wani sinadari rawaya mai ɗacin tsiya da ake cirowa daga saiwar wasu tsirrai da Sinawa suka daɗe suna maganin zawo da su. Shi abin sha'awarsa ko kashi 1 cikin 100 baya shiga jini, kusan duka a hanji yake zama, to dole aikin da yake yi ya bi ta kan mazauna hanjin. A ƙasar Sin an yi gwaji da mutum 409 sabbin kamun ciwon suga, aka wallafa a 2020, sati 12, ya sauke suga fiye da na bogi, kuma aka ga ya danne wata bakteriya mai suna Ruminococcus bromii wadda ke sarrafa ruwan ɗaci na hanta. Amma ki lura, danne ta ya yi, aikinsa ya fi kama da na antibayotik mai sauƙi, kuma waɗanda suka sha sun fi korafin ciwon ciki da zawo. A nauyi kuma in aka tattara gwaje-gwajen abinda ake samu wajen kilo 2 ne. A 2023 'yan TikTok suka laƙaba masa Ozempic na gargajiya, alhali sinadarin da ke cikin allurar a babban gwajinsa na 2021 mutane sun rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu a sati 68, mai kilo 100 ya sauke 15 kenan, ina aka haɗu. Kuma mai ciki da mai shayarwa basa shan berberine sam saboda yana iya tsananta shawarar jarirai, yana kuma rikici da wasu magungunan asibiti a hanta.

Japanawa ma suna da wani haɗi na rage tumbi, Bofutsushosan, kayan haɗi 18, likitocinsu suna rubuta shi. A ɓeraye an ga yana ƙara wata bakteriya mai suna Akkermansia wadda ke zaune cikin majinar hanji kuma ake yawan samunta da ƙaranci a masu ƙiba. Sai dai in kin buɗe haɗin zaki tarar da mai sa zawo a ciki, da kuma wata shuka mai suna ephedra wadda Amurka ta hana sayarwa a kayan rage ƙiba tun 2004. Ita Akkermansia ɗin kanta da aka gwada a mutane 32 a Beljiyam na wata uku, aka wallafa a 2019, waɗanda suka sha ta jikinsu ya fi karɓar insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini, amma raguwar nauyin kaɗan ce da ba za a rantse a kanta ba. Wasu masu bincike a jami'ar Sidni ta Ostireliya sun zauna sun tattara gwaje-gwaje 54 na magungunan ganye na rage ƙiba, mutum sama da 4,000, suka wallafa a 2020, da koren shayi da garcinia da sauransu, suka sa ma'aunin cewa sai abu ya fi na bogi da kilo 2.5 kafin a ce ya yi amfani, a cikin waɗanda aka fi gwadawa babu wanda ya kai, wanda ya ɗan motsa farin wake ne da kilo 1.6. Kuma tunda na ambaci koren shayi, shan kofi biyu uku ba komai, amma kafsonsa mai ƙarfi hukumar abinci ta Turai ta yi gargaɗi a 2018 cewa daga miligiram 800 na sinadarinsa a rana yana iya taɓa hanta.

Namu na gida kuwa, citta da lemon tsami da ruwan ɗumi da safe, ki sha abinki in kina jin daɗinsa amma baya narkar da kitse, kitse ba man shanu bane a tukunya. Khal an gwada shi a Japan a 2009, sati 12, kilo 1 zuwa 2 suka sauka, sati huɗu da dainawa suka dawo, kuma yana cin haƙori in ba a tsarma shi ba. Zoɓo hujjarsa ta fi ƙarfi a wajen sauke hawan jini kaɗan, ba a nauyi ba, kuma zoɓon da muke yi da kofin suga da filebo ai lemon kwalba ne da jan kaya. Wanda ni ya fi burge ni kuma ba a cika tallansa ba shine ƙaro, wannan dai na Yobe da Borno da Jigawa da ake fitarwa waje. Kusan gaba ɗayansa faiba ne mai narkewa a ruwa, cikinki baya iya narkar da shi, bakteriya ne ke cinyewa, an auna giram 10 a rana na sati huɗu yana ƙara masu amfani irin su Bifidobacteria. A jami'ar Khartum an ba ɗalibai mata 120 ko dai giram 30 na ƙaro ko wani abu na kwatanci na sati 6, aka wallafa a 2012, masu shan ƙaro kitsen jikinsu ya ragu da kusan kashi 2 cikin 100, nauyin kuma bai kai kilo ɗaya ba, da kumburin ciki da tashin zuciya a satin farko. Ba wani abin a zo a gani bane, amma kinga ta hanyar ciyar da su ya bi, ba ta hanyar kora ba.

Akwai wani bincike da nake so duk Bahaushe ya sani, don kusan labarin tukunyar kakanninmu ne. A 2010 wasu masana daga Italiya suka kwatanta hanjin yara 14 na wani ƙauyen Mosawa mai suna Boulpon a Burkina Faso da na yara 15 na birnin Fulorens. Abincin yaran ƙauyen gero da dawa da aka niƙa a dutse da dusarsu, wake, miyar ganye, da ɗorawa da daddawarta, nama sai jefi-jefi. Aka tarar hanjinsu cike da wata bakteriya mai suna Prevotella da wasu masu iya fasa zaren tsirrai waɗanda yaran Italiya basu da su ko kaɗan, nau'ukan bakteriyarsu sun fi yawa, sinadaran nan masu tsami irin butiret sun fi yawa nesa ba kusa ba, dangin masu kawo zawo kuma sun fi ƙaranci. Ba shayi suke sha ba Hajiya, tuwo ne da miyar kuka. Kuma abin baya buƙatar shekaru, a 2015 an yi musanyar abinci na sati biyu kacal tsakanin baƙaƙen Amurka 20 a Pittsburgh da mutanen karkara 20 a KwaZulu ta Afirka ta Kudu, Amurkawan da suka koma kan masara da wake da ganye butiret ɗinsu ya ninka fiye da sau biyu, kumburin bangon hanji ya ragu, 'yan Afirkan da aka ɗora kan soye-soye da nama kuma nasu ya lalace cikin sati biyun nan. Mu yanzu a birni wannan musanyar muke yi wa kanmu da kuɗinmu, burodi da shayi mai madara da safe, taliyar yara ko farar shinkafa da rana, semo da daddare, masarar ma sai an surfe ta an cire dusa tas an ba tumaki, wato tumakin gidan sun fi matar gidan samun faiba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla giram 25 na faiba a rana da giram 400 na ganye da 'ya'yan itace, ki lissafa na jiya ki gani.

Wani abu da zai baki dariya, ɗumame. Sitaci in ya dahu ya huce ya kwana, wani ɓangarensa yana ƙanƙancewa ya zama ƙaramin hanji baya iya narkar da shi, sai ya wuce wajen bakteriya, ko an sake ɗumama shi ba duka yake komawa ba. A 2024 an wallafa wani gwaji daga Shanghai, mutum 37 masu ƙiba, an ba su giram 40 na irin wannan sitacin a rana na sati 8 suka rage kilo 2.8, aka kuma ga wata Bifidobacterium ta ƙaru. Kar ki ce na ce ɗumame maganin ƙiba ne fa, wanda ke cikin malmala ɗaya bai kusa giram 40 ba kuma su an auna musu abincin da suke ci, kawai dai ina nuna miki kilo 2.8 ɗin nan ya fi abinda yawancin ganyen kwali suka iya. Haka nono da kindirmo, a Stanford a 2021 mutum 36 aka raba biyu na sati 10, waɗanda aka ɗora kan abinci mai tsami irin yogot nau'ukan bakteriyarsu suka ƙaru, alamun kumburi a jini suka ragu. Sai dai a tabbatar an tafasa madarar kafin a kwantar, kuma fura da nono da aka danƙara wa suga cokali biyar a kwanon sha guda abincin manomi ne da zai wuni yana huɗa, ba na wadda zata wuni a zaune a shago ba.

In kina neman abinda yake yi wa bakteriyar hanji ɓarna a garin nan fiye da komai, ki duba jakarki ko akwai Flagyl. Ciki ya ɗan juya Flagyl, an ci abincin biki Flagyl da tetra, an ce sanyi ne a haɗo Cipro da allurai, zazzaɓi kaɗan an ce taifod ne. A Denmark an ba lafiyayyun maza 12 antibayotik uku masu ƙarfi na kwana 4 kawai, hanjinsu ya ɗauki kusan wata ɗaya da rabi kafin ya kusa komawa daidai, bayan wata shida kuma nau'i 9 da kowa ke da su a da basu dawo ba a yawancinsu. Mace ta sha wannan sau huɗu a shekara ba tare da likita ya rubuta ba sannan ta zo tana neman shayin gyaran hanji.

Ke yanzu abinda zaki yi, kar ki koma kan shayin ko da bayan gidan ya ƙi fita, kuma kar ki maye gurbinsa da jar kanwa ko wani jiƙo. Hanjin da aka saba yashewa kullum yana ɗaukar kwanaki kafin ya taru ya motsa da kansa, kwana biyu uku ba fita a wannan matakin ba abin tsoro bane. Ki sha ruwa sosai, ki shigo da wake sau uku ko huɗu a sati, ɗanwake, alale, fate da zogale ko rama, kwaɗon zogale da ƙuli kaɗan, miyar kuɓewa da kuka da karkashi, aya, gwaiba da ɓawonta, garin kwalba da nono in kina so, ki sa a niƙa miki dawa ko gero ba tare da an surfe tas ba. Amma a hankali, in kika tashi daga burodi kika faɗa kwanon wake rana ɗaya cikinki zai cika da iska ki zo kina zagina, ki ƙara kaɗan kaɗan cikin sati biyu uku. Malmalar tuwo ta ragu miya ta ƙaru, man da ake kwarara wa miya ya koma na cokali, lemon kwalba ya zama na ranar biki, ki samu tafiyar minti 30 ko a tsakar gida ne. Da wannan rabin kilo a sati shine tafiya mai kyau, kuma ki hau sikeli sau ɗaya a sati da safe, ba kullum ba, don ruwan jiki kaɗai yana iya wasa da kilo ɗaya tsakanin safe da yamma.

Tunda kin yi wata biyu kina zawo ina so ki je asibiti a duba miki gishirin jini musamman fotashiyam, da aikin ƙoda da hanta, a haɗa da suga da hawan jini, ki tafi da ragowar ledar ki nuna wa likita kar ki ji kunya, sun saba gani. In kuma kina kan allurar tazarar haihuwa ta wata uku ki faɗa masa, tana sa wasu mata ƙiba kuma akwai wasu hanyoyin da za a iya canza miki. In kin ga jini a bayan gida, ko idonki ya yi rawaya, ko fitsari ya ragu, ko kumburin ya hau fuska, ko zuciya na tsalle, ko kika kai kwana biyar ba bayan gida ga amai da ciwon ciki, wannan kar ki jira ranar Litinin, ki tafi a ranar.